Tarihin Gobarar Daji a Jikin Itace: Darasi Daga Dazuzzukan Arizona da Niyu Meziko

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ganin gobarar daji ya san cewa wuta suna ta tara. Akwai wadda za ta bi ƙasa a hankali, ta lashe busasshiyar ciyawa da ganyaye, ta wuce ta bar itatuwa a tsaye, bayan 'yan makonni kuma sabon tsiro ya fito. Akwai kuma wadda za ta haye kan itatuwa ta ƙone su ƙurmus, ta gasa ƙasa har ta kasa shan ruwa, ta shiga gari ta raba mutane da gidajensu. Tambayar da ta daɗe tana damun masana kimiyyar gandun daji ita ce: me ke sa daji ya shafe ɗaruruwan shekaru yana samun wuta irin ta farko, sa'an nan ya koma samun irin ta biyu? Yanayi ne ya sauya, ko kuwa mutane ne suka sauya yadda suke amfani da ƙasa?

Domin amsa wannan tambaya, za mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi daki-daki, wato dazuzzukan da ke kan tsaunukan jihohin Arizona da Niyu Meziko, a kudu maso yammacin Amurka. Dalilin zaɓen wannan yanki shi ne yana daga cikin wuraren da aka fi bin diddigin tarihin gobara a duniya, shekara bi shekara, har na fiye da shekaru 400.

Sharuɗɗan tashin gobara

Kafin gobara ta ci daji sai an cika sharuɗɗa uku. Na farko, a sami makamashi, wato ciyawa da ganyaye da ƙirare, kuma su kasance a haɗe ba yankewa, yadda wuta za ta sami hanyar tafiya. Na biyu, makamashin ya bushe. Na uku, a sami abin da zai kunna wutar, ko dai faɗuwar aradu ko kuma hannun mutum. Idan ɗaya ya ɓace daga cikin ukun nan, to gobara ba ta zuwa ko'ina.

Yanayi, wato yadda ruwan sama da zafi da iska suke kasancewa a wuri tsawon shekaru, shi ke sa ciyawa ta yi yawa ko ta yi ƙaranci, shi ne kuma ke busar da ita. Ɗan Adam kuwa yana iya rage makamashi ta hanyar kiwo da noma da yin itacen girki, yana iya barinsa ya taru, yana kuma iya kunna wuta ko kashe ta. Sai mai karatu ya riƙe waɗannan sharuɗɗa, domin duk bayanin da zai biyo baya a kansu ya rataya.

Yadda itace ke ajiye tarihi

Itacen da ya fi yawa a waɗannan tsaunuka wani nau'in fayin ne da ake kira fonderosa. Dogo ne miƙaƙƙe, tsayinsa kan kai mita 30, ganyensa sirara ne kamar allura, yana da ƙaro mai kama wuta, kuma yakan rayu ɗaruruwan shekaru. Idan ya girma, ɓawonsa kan yi kauri ƙwarai, ya kuma zubar da rassansa na ƙasa, saboda haka ƙaramar wuta ba ta kashe shi.

A ƙasashe masu tsananin sanyi, itace kan daina girma da hunturu, ya ci gaba idan ɗumi ya dawo. Wannan ne ya sa idan aka yanke gindinsa za a ga da'irori kamar zobba, wani cikin wani, kowane zobe yana matsayin shekara guda. Shekarar da aka sami ruwa zobenta kan yi faɗi, shekarar fari kuwa ya yi siriri. Wani masanin taurari mai suna A. E. Douglass shi ne ya mai da wannan abu fannin ilmi mai zaman kansa a farkon ƙarni na 20, kuma a 1937 ya kafa cibiyar nazarin zobban itace a Jami'ar Arizona da ke birnin Tucson. Abin da ya gano shi ne, tun da itatuwan yanki ɗaya ruwa ɗaya suke sha, fari ɗaya kuma suke sha, to jerin zobbansu masu faɗi da sirara iri ɗaya ne. Ke nan idan aka gwada zobban tsohon kututture da na itacen da ke raye, za a iya sanin ainihin shekarar kowane zobe, ko da kuwa kututturen ya daɗe da mutuwa.

To ina ruwan wannan da gobara? Idan wuta ta ratsa gindin fonderosa, wani lokaci zafinta kan kashe wani ɓangare na naman itacen da ke ƙarƙashin ɓawo. Itacen bai mutu ba, amma ya sami rauni, sai ya riƙa rufe shi da sabbin zobba. Raunin kan yi ta fitar da ƙaro, don haka duk wutar da ta sake biyowa sai ta kama wurin, ta bar sabon tabo. Akwai itatuwan da aka ƙirga tabo fiye da 20 a jikinsu. Har ila yau, matsayin tabon a cikin zoben, ko a farkonsa ko tsakiya ko ƙarshe, yana nuna lokacin da wutar ta ci a cikin shekarar. Da irin wannan aiki ne Thomas Swetnam da abokan aikinsa na wannan cibiya suka tattara dubban tabo daga tsaunuka da dama, suka jera su bisa shekaru.

Dajin da da irin wutarsa

Abin da tabon ya nuna ya ba mutane da yawa mamaki. Kafin ƙarshen ƙarni na 19, a wurare da dama ba a cika shekara 10 ba tare da wuta ta ratsa dajin ba, a wasu wuraren ma bayan shekara 2 ko 3 take dawowa. Yawanci takan tashi ne daga watan Afrilu zuwa farkon Yuli, lokacin da ƙanƙarar hunturu ta narke, ƙasa ta bushe, ga tsawa amma ruwa bai sauka sosai ba. Daminar yankin tana kankama ne a watan Yuli, ita ce kuma ke kashe wutar.

Wannan wuta mai bin ƙasa ce. Takan cinye ciyawa da busassun ganyayen da suka zuba, ta kashe yawancin ƙananan itatuwan da suka tsiro, ta bar manya. Saboda haka dajin wancan zamani a buɗe yake: manyan itatuwa jefi-jefi ko rukuni-rukuni, ciyawa a tsakaninsu, har matafiyan farko suka riƙa ba da labarin cewa mahayi kan sukwani doki a ciki ba abin da ya tare shi. A taƙaice, wutar ce ke share dajin, ita ce kuma ke hana makamashi taruwa.

Rawar da yanayi ya taka

Da aka gwada tarihin tsaunuka daban-daban, sai aka ga akwai shekarun da gobara ta ci wurare masu nisan ɗaruruwan kilomita da juna a lokaci guda, akwai kuma shekarun da kusan ko'ina shiru. Babu wani mafarauci ko makiyayi da zai iya haɗa kan tsaunuka masu nisa haka. Yanayi kaɗai ke iyawa. Shekarar 1748 ita ce ta fi fice, domin an sami tabonta a fiye da rabin wuraren da aka bincika. Zobban itatuwa sun nuna cewa 1746 da 1747 shekaru ne na ruwa mai yawa, sa'an nan 1748 ta zo da fari mai tsanani. Bayanin a fili yake: ruwa ya haifar da ciyawa mai yawa a haɗe, fari kuma ya busar da ita. Wannan tsari na ruwa a gaba, fari a baya, ya maimaitu sau da yawa a dazuzzukan fonderosa.

A 1990 Swetnam da Julio Betancourt suka nuna cewa wannan juyi yana da alaƙa da Tekun Fasifik. A shekarun da ruwan saman tekun, wajen tsakiya da gabashinsa, ya yi ɗumi fiye da yadda aka saba, abin da ake kira El Nino, Arizona da Niyu Meziko kan sami ruwa da ƙanƙara da yawa da hunturu, gobara ta yi ƙaranci. A shekarun da ruwan ya yi sanyi, wato La Nina, hunturu kan zo a bushe, gobara ta yi yawa. Ke nan abin da ke faruwa a teku mai nisan dubban kilomita yana da hannu a shekarar da daji zai ci wuta.

Rawar da mutanen farko suka taka

Amma fa dazuzzukan nan ba kango ba ne. Tun kafin zuwan Turawa akwai al'ummu a cikinsu. A tsaunukan Jemez na Niyu Meziko, alal misali, mutane tsakanin 5,000 da 8,000 sun zauna a manyan ƙauyuka a tsakiyar dajin fonderosa, suna noman masara, suna yin itacen girki da na gini. Binciken da Christopher Roos da abokan aikinsa suka wallafa a 2021, tare da haɗin kan jikokin waɗannan mutane, ya nuna cewa sun riƙa kunna ƙananan wuta nan da can a kai a kai. Yin itace ya share kewayen ƙauyuka, hanyoyi da gonaki sun yayyanka dajin, ƙananan wutar kuma sun rage makamashi. Sakamakon haka, ko a shekarun fari gobara ba ta cika yaɗuwa da nisa ba.

Bayan da Turawan Sifen suka kafa cibiyoyinsu a yankin, cututtuka da yaƙi da yunwa da tilasta wa mutane barin ƙauyukansu sun rage yawan mutanen Jemez da kimanin kashi 87 cikin 100 tsakanin 1620 da 1680. Itatuwa suka tsiro a kufan ƙauyukan, ciyawa ta haɗe, wuta mai bin ƙasa ta koma yaɗuwa a fili mai faɗi, tana bin juyin ruwa da fari sau da ƙafa. Abin lura a nan shi ne, yawan mutane a daji ba lalle ne ya zama yawan mummunar gobara ba. Abin da suke yi da makamashi shi ne ma'auni.

Yadda wutar ta ɗauke

Abu mafi ban mamaki a wannan tarihi shi ne yadda tabon ya yanke. A yawancin wurare, tsakanin 1870 da 1900 wutar ta ɗauke kamar an yi ruwa an ɗauke. A wani daji kusa da garin Flagstaff, tabo na ƙarshe na shekarar 1876 ne. Fari bai daina zuwa ba, aradu ba ta daina faɗuwa ba. Abin da ya sauya shi ne layin dogo ya iso yankin wajen 1880, aka sami hanyar kai dabbobi kasuwa, sai aka kwararo miliyoyin tumaki da shanu cikin dazuzzukan. Suka cinye ciyawar da ke ɗaukar wuta, hanyoyinsu kuma suka yayyanka ƙasa. A daidai wannan lokaci ne kuma aka gama murƙushe al'ummun Apache da Navajo da ƙarfin soja, aka killace su a keɓaɓɓun yankuna, wutar da suke kunnawa ta ragu.

Yaya aka tabbatar cewa kiwo ne sanadi? Hujjoji biyu sun isa. A tsaunukan Chuska, inda mutanen Navajo suka riga kowa tara garkunan tumaki, wutar ta ragu tun wajen 1830, kimanin shekaru 50 kafin sauran wurare. A wasu tsaunukan ƙasar Meziko kuwa, ƙetaren iyaka, inda yanayin kusan ɗaya ne amma kiwo mai yawa bai isa da wuri ba, wutar ta ci gaba da zuwa har cikin ƙarni na 20. Da yanayi ne sanadi, da ta ɗauke ko'ina lokaci guda.

Sa'an nan hukuma ta ɗora daga inda tumaki suka tsaya. An kafa Hukumar Kula da Gandun Daji ta Amurka a 1905. A watan Agusta na 1910 wata gagarumar gobara ta cinye kimanin hekta miliyan 1.2 a jihohin Idaho da Montana da ke arewa, ta kashe mutum fiye da 80, yawancinsu masu kashe gobara. Daga nan hukumar ta ɗauki kowace irin wuta a matsayin abokiyar gaba. A 1935 ta kafa ƙa'idar cewa duk gobarar da aka ba da rahotonta a yi ƙoƙarin shawo kanta kafin ƙarfe 10 na safiyar washegari. Wasu masana, irin su Aldo Leopold a 1924 da Harold Weaver a 1943, sun yi nuni da cewa rashin wuta na sauya dazuzzukan, amma an daɗe ba a yi aiki da maganarsu ba.

Garin neman ƙiba

Masu iya magana sun ce garin neman ƙiba akan samo rama. Da babu ciyawar da za ta yi gogayya da su, babu kuma wutar da za ta rage su, ƙananan fonderosa suka tsiro bila adadin, musamman a 1919 da aka sami iri mai yawa da ruwa mai kyau a arewacin Arizona. A wani filin bincike kusa da Flagstaff, an ƙiyasta cewa itatuwa kimanin 60 ne a kowace hekta a 1876, amma a 1992 sun haura 3,000. Busassun ganyaye suka yi tudu a ƙasa. Ƙananan itatuwan kuma suka zama tsani, wuta na hawa ta kansu ta kai ga rassan manya, daga nan ta riƙa tsallakawa daga kan wannan zuwa kan wancan. Irin wannan wuta kaurin ɓawo ba ya tsare itace daga gare ta.

Ana cikin haka sai ɗumamar yanayi ta ƙaru. Duk ƙarin zafi na digiri 1 a ma'aunin Selsiyos yana sa iska ta iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa na kimanin kashi 7 cikin 100, wato ta ƙara tsotse danshin ciyawa da itace. Ƙanƙara na narkewa da wuri, lokacin gobara na ƙara tsawo. Nazarin zobban itatuwa ya nuna cewa shekarun 2000 zuwa 2021 su ne shekaru 22 mafi bushewa a yankin cikin kimanin shekaru 1,200. A 2016 kuma John Abatzoglou da Park Williams suka ƙiyasta cewa ɗumamar da ayyukan ɗan Adam suka jawo ta kusan ninka faɗin dajin da ya ƙone a yammacin Amurka tsakanin 1984 da 2015.

Da tulin makamashi ya haɗu da fari, sai aka ga abin da tabon itatuwa bai nuna irinsa ba a waɗannan dazuzzuka. Gobarar Rodeo-Chediski ta 2002 ta ci kimanin hekta 190,000 a Arizona, ta ƙone ɗaruruwan gidaje. Ta Wallow ta 2011 ta ci kimanin hekta 218,000. A ranar 26 ga Yuni na wannan shekara, itace ya faɗa kan wayar lantarki a tsaunukan Jemez, gobarar Las Conchas ta tashi, ta cinye kimanin hekta 17,000 cikin ƙasa da kwana guda. Da damina ta sauka, ambaliya ta kwashi toka da laka ta zuba a kogin Rio Grande, har birnin Albuquerque ya dakatar da ɗiban ruwan sha daga kogin na makonni. A wasu wuraren da ta ci, babu itacen da ya rage da zai zubar da iri, sai ciyawa da ƙananan sarƙaƙiya suka maye gurbin daji.

Ya kamata a yi hattara da abu guda: ba kowane daji ne haka ba. A dazuzzuka masu sanyi da danshi, kamar na gandun Yellowstone da ke can arewa, wanda kusan sulusinsa ya ƙone a 1988, dama bisa ɗabi'a sai bayan shekara 100 zuwa 300 ake samun babbar gobara mai cin kan itatuwa. A can makamashi bai taɓa yankewa ba, bushewa ake jira, don haka yanayi ne ke da rinjaye.

Ƙoƙarin gyara

A 1978 hukumar gandun daji ta yi watsi da ƙa'idar ƙarfe 10. Tun tsakiyar shekarun 1970 aka fara barin wasu wutar aradu su ci bisa kulawa a dajin Gila na Niyu Meziko. A wasu wuraren akan fara sare ƙananan itatuwa a bar manya, sa'an nan a kunna wuta da gangan a lokacin sanyi da danshi. A 2012 mazauna Flagstaff suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da kashe dala miliyan 10 don rage cunkoson dajin da ke saman garinsu. Sai dai aikin na da haɗari. Gobarar Hermits Peak da Calf Canyon ta 2022, wadda ta ci kimanin hekta 138,000, ta samo asali ne daga wutar da ma'aikatan gandun daji suka kunna da kansu ta ƙwace musu. Mai da wuta dajin da ya shekara 100 bai gan ta ba, a cikin yanayin da ya fi na da zafi, ba ƙaramin aiki ba ne.

Kammalawa

Tarihin da ke jikin itatuwan Arizona da Niyu Meziko ya nuna cewa yanayi shi ke zaɓen shekarar da daji zai iya cin wuta, amma yadda mutane ke amfani da ƙasa shi ke yanke irin wutar da za ta ci, ƙarama mai shara ko babba mai hallakarwa. Itatuwanmu ba irin nasu ba ne, amma sharuɗɗan nan uku ɗaya ne a ko'ina. Shi ya sa a karkarar da ke kewaye da Kano, inda ake kwashe kara a kai gida, dabbobi kuma su kalace abin da ya rage, ba a cika ganin gobarar daji ba, alhali a yankunan doguwar ciyawa da ke kudu da nan kusan kowane rani sai ta ci. Hotunan tauraron ɗan Adam ma sun nuna cewa faɗin ƙasar da ke ƙonewa a duniya ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu tsakanin 1998 da 2015, galibi saboda gonaki da kiwo sun yayyanka filayen ciyawa, musamman a Afirka.

Saboda haka, malami na iya fita da ɗalibansa bayan gari da rani, su gwada wurin da ya ƙone da kaka tun ciyawa na da sauran danshi, da wurin da ya ƙone a tsakiyar rani bayan ta bushe ƙayau. Su duba tsayin baƙin da wutar ta bari a jikin itatuwa, su ƙirga ƙananan da suka tsira a kowane wuri, su tambayi manoma da makiyaya yadda daminar bara ta kasance da kuma wanda ya yi kiwo a wurin. Amsoshin da za su samu su ne irin waɗanda masana suka karanto daga tabon fonderosa.